Steam ba shagon gem kaɗai ba ne: abin da mai sana'ar kwamfuta a Bauchi zai samu a cikinsa

Duk wanda ya saba leƙa shagunan kwamfuta na wajajen Wunti, ko ɗakunan ɗalibai a Yelwa da Gwallameji, ya san yadda ake samun manhaja a garin nan. Ka kai laftof, yaron shago ya zura filash, ya zuba maka CorelDRAW da Photoshop da Office a zama ɗaya, ya kashe maka mai gadin kwamfuta don kada ya cinye fayil ɗin kirak mai fasa makullin lasisi, ka biya ka tafi. Bayan wata biyu allo ya fara nuna maka cewa lasisinka na bogi ne, ko fanka ta riƙa huci alhali ba ka buɗe komai ba, ka sake komawa. A cikin waɗannan kwamfutocin dai, da yawa za ka ga wata 'yar alama a gefen agogo mai kama da hannun inji. Steam ke nan, shagon intanet na wasannin kwamfuta, wanda kowa ya ɗauka na masu buga Dota da Counter-Strike ne. Tun 2012 shagon nan yake sayar da kayan aiki, wasu ma kyauta yake bayarwa. Ga mutumin da wutarsa ba ta tsayawa, datarsa kuma a ƙidaye take, yadda shagon ke isar da kaya ya fi kayan kansu amfani.

Kamfanin Valve ne ke da shi, wanda Gabe Newell da Mike Harrington suka kafa a 1996 bayan sun bar Microsoft. Sun buɗe Steam a Satumbar 2003, kuma da farko ba don ciniki ba. Damuwarsu ita ce yadda za su tura gyara ga dubban masu buga Counter-Strike a lokaci guda ba tare da komai ya tsaya ba. Daga baya aka ɗora ciniki a kai: Half-Life 2 ya fito a 2004 ba ya tashi sai da Steam, a 2005 aka fara karɓar wasannin wasu kamfanoni. Wannan asalin shi ne dalilin da ya sa har gobe abin da Steam ya fi ƙwarewa a kai shi ne kai manyan fayiloli ta layi mai yankewa.

A Agustan 2012 Valve ya sanar cewa zai fara sayar da manhajojin da ba wasa ba. An sa 5 ga Satumba, aka ɗaga, sai farkon Oktoba aka buɗe da 'yan kaya kaɗan: ArtRage Studio Pro na zane, CameraBag 2 na gyaran hoto, GameMaker: Studio na haɗa wasa, 3D-Coat, da 3DMark na gwada ƙarfin kwamfuta, sai Source Filmmaker na Valve kansa. A lokacin suna maganar masu amfani miliyan 40. Ruwa dai ba ya tsami banza. Apple ya buɗe shagonsa na Mac a Janairun 2011, Microsoft kuma yana shirin sakin Windows 8 a ƙarshen Oktoban 2012 da nasa shagon a manne a ciki. Newell ya fito fili a Yulin shekarar ya kira Windows 8 bala'i ga masu harkar kwamfuta. Tsoronsa shi ne mai gida ya wayi gari ya ce duk wanda zai yi talla a tsakar gidansa sai ta rumfarsa. Faɗaɗa shago zuwa manhajoji da fitar da Steam na Linux, wani tsarin kwamfuta da ba na Microsoft ba, a farkon 2013 duk daga wannan tsoron suka fito.

Manyan 'yan kasuwa ba su biyo shi ba, kuma dalilin a fili yake. Valve na cire la'adar kashi 30 cikin ɗari a kowane ciniki. Daga ƙarshen 2018 ne ya sassauta zuwa kashi 25 bayan kaya ya yi cinikin dala miliyan 10, da kashi 20 bayan miliyan 50. Adobe da Microsoft kuwa a daidai wannan lokacin suke komawa tsarin biyan wata-wata ta hannunsu: Office 365 na gida ya fito a farkon 2013, Adobe kuma ya daina fitar da sabon bugun Photoshop da ake saye sau ɗaya a Mayun 2013. Wanda ke karɓar kuɗinsa kai tsaye duk wata ba shi da dalilin bai wa dillali kusan kashi ɗaya cikin uku. Don haka kada mai shagon buga takardu ya ɓata lokacinsa yana neman Word, Excel ko Photoshop a Steam. Babu su.

Abin da ke akwai na masu ƙirƙira ne. Blender na zane mai siffa uku da haɗa katun ya shiga a 2015, kyauta. OBS Studio, wanda masu yaɗa tafsirin azumi da walimar biki kai tsaye a Facebook suke dogaro da shi, ya shiga a 2022, shi ma kyauta. Akwai Godot na haɗa wasa, kyauta. Krita na zanen hannu kyauta ne a shafin masu shi amma da kuɗi a Steam, da gangan, don wanda ke son tallafa wa masu aikin ya samu hanya. Kada ka ɗauka na kuɗin ya fi na kyautan iya aiki, abu ɗaya ne. Akwai Aseprite na zanen hotunan wasa, da RPG Maker na haɗa wasa, da bugu-bugun Vegas na yanka bidiyo, da Wallpaper Engine wanda aikinsa kawai sa hoton bangon allo ya riƙa motsi, amma yana cikin abubuwan da aka fi buɗewa a duk shagon. Wanda ya fi ba da mamaki shi ne Substance Painter, na shafa wa zane mai siffa uku launi. Adobe ya sayi kamfanin da ke yin sa a 2019, a wajen Adobe biyan wata-wata ne, amma a Steam an ci gaba da sayar da shi a matsayin bugun shekara: ka biya sau ɗaya, ka samu sabuntawa na wannan zangon, bayan nan ya tsaya a inda yake amma yana ci gaba da aiki. Ga wanda ba shi da tabbacin katinsa zai wuce a wata mai zuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Harkar finafinai ba ta yi tsawon rai ba. An fara da fim ɗaya-biyu kan masu haɗa wasa a 2012, a 2016 aka ƙulla da kamfanin finafinai na Lionsgate aka zuba finafinai sama da ɗari, aka ƙaro katun ɗin Japan, sai a Fabrairun 2019 Valve ya ce ya rufe sashen, ban da bidiyon da ya shafi wasa. Waɗanda suka riga suka saya an bar musu nasu. A nan ma ba wanda ya yi asara, domin kallon ta intanet ake yi kai tsaye, ba saukewa ba, kuma wanda ke sayen data da awo ba zai ƙona giga biyu a kan fim ɗin da zai samu a tura masa a waya a bakin kasuwa ba. Kiɗa ya fi sa'a. Daga Janairun 2020 ana iya sayen kiɗan wasa shi kaɗai ba sai ka mallaki wasan ba, kuma yana sauka a matsayin fayil na MP3 a wata folda mai suna music. Sai dai sayensa don saurare ne. Wanda ya ɗora shi a ƙarƙashin bidiyon bikin wani ya sa a YouTube, zai iya tarar da an kama bidiyon da laifin haƙƙin mallaka.

Epic Games Store, wani shagon gem da ke gogayya da Steam, wanda ya buɗe a Disambar 2018 da la'adar kashi 12, shi ma ya bi wannan sawun: ya sa Spotify na sauraron kiɗa a ƙarshen 2020, sai burauzar Brave da Krita da wasu a Afrilun 2021. Har yau sashen ƙarami ne, kuma yawancin abin da ke ciki za ka same shi a shafin masu shi.

To me ya sa mutum zai bi ta Steam ya ɗauko Blender, alhali yana nan kyauta a shafinsu? Saboda yadda ake saukewa. Burauza na jan fayil ne a dunƙule. Idan netwok ya yanke a kashi 90, sau da yawa sai a koma farko, ko fayil ya sauka da rauni ka gane sai wajen girkawa. Steam yana yanka kaya ƙanana-ƙanana, kowane yanki da hatiminsa na tantancewa. Wuta ta tafi, waya ta mutu, data ta ƙare, idan aka dawo daga inda ya tsaya zai ɗora. In sabon bugu ya fito, yankunan da suka canza kawai yake jawowa. In kuma wani fayil ya lalace, sai ka danna dama a kan sunan manhajar, ka shiga Properties, sannan Installed Files, ka danna Verify integrity. Zai auna abin da ke kwamfutarka da na asali, ya sauko da wanda ya ɓaci shi kaɗai.

Lissafin lokaci yana da sauƙi in an kiyaye abu ɗaya: kamfanonin waya da megabit suke talla, fayil kuma da megabait ake auna shi, kuma bait ɗaya bit takwas ne. Giga ɗaya megabit dubu takwas ke nan. A layin da ke ba da megabit 5 a daƙiƙa, daƙiƙa 1,600 zai ci, wajen minti 27, in layin bai yi tangarɗa ba. Blender bai kai rabin giga ba wajen saukewa. Abin da ke yaudarar sababbi shi ne Steam ɗin kansa: fayil ɗin girka shi 'yan megabait ne, amma da zarar an buɗe shi karon farko sai ya ja ɗaruruwan megabait kafin ya nuna maka ko da wurin sa suna. Kuma yana sabunta kansa lokaci-lokaci ba tare da neman izini ba, babu maɓallin hana wannan. Mai garaɓasar dare ya yi girkin farko da dare.

Kafin a sauke komai, akwai saiti huɗu ko biyar da ya kamata a taɓa. A Settings, ƙarƙashin Downloads, a sa iyakar gudu idan shago ɗaya ke raba MiFi, in ba haka ba Steam zai shanye layin gaba ɗaya mai cike fom ɗin JAMB a kujerar gefe ya zauna yana kallon allo na juyi. A nan ne kuma ake ƙayyade awannin da aka yarda ya yi sabuntawa, misali daga ƙarfe 12 na dare zuwa 5 na asuba. A kan kowace manhaja, a Properties sashen Updates, a zaɓi cewa kada ta sabunta sai an buɗe ta. A Interface a cire alamar da ke sa Steam tashi tare da kwamfuta. A Library kuma a kunna Low Bandwidth Mode, wanda ke hana shi jawo hotuna da labaran da ba ka nema ba. Idan saukewa na jan ƙafa alhali layi lafiya lau, a gwada sauya Download Region zuwa Landan ko Johannasbag, wani lokaci ana dacewa.

Babban amfaninsa ga shago mai kwamfuta biyar ko shida shi ne sau ɗaya za a sayi data. Kayan suna zama ne a C:\Program Files (x86)\Steam\steamapps\common, kowace manhaja da foldarta. A mataki ɗaya sama, cikin steamapps, akwai ƙananan fayiloli masu suna appmanifest da lamba a gaba. Na Blender shi ne appmanifest_365670.acf, lambar kuma ita ce wadda ke cikin adireshin shafinsa a shagon. Wannan ɗan fayil shi ne takardar shaidar da ke gaya wa Steam cewa kayan na nan da kuma wane bugu ne. Ka kwafi foldar Blender da wannan fayil a filash. A kwamfuta ta biyu, ka tabbatar asusun da ke kanta ya riga ya ƙara Blender a ɗakin kayansa, sannan ka rufe Steam rufewa ta gaske, wato ka danna dama a alamar gefen agogo ka zaɓi Exit. Danna jan maɓallin kusurwa ɓoye shi kawai yake yi. Ka zuba folda a common, fayil ɗin acf a steamapps, ka buɗe. Zai nuna a shirye yake.

Inda abin ke ɓaci guda uku ne yawanci. Wani yakan canza wa foldar suna don ya gane ta, Steam kuma ya kasa ganinta ya fara saukewa daga farko. Wani yakan zuba alhali Steam na buɗe a ɓoye, sai ya ƙi lura da sabon acf ɗin. Na uku filash ne: yawancin waɗanda ake sayarwa a tsarin FAT32 suke zuwa, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4. Ga Blender ba matsala, amma ga manyan kaya kwafin zai tsaya a tsakiya da saƙon cewa fayil ya yi girma alhali filash ɗin fanko ne. A mayar da shi exFAT ko NTFS tukuna, bayan an kwashe abin da ke ciki. In an manta acf ɗin gaba ɗaya ba a yi asara ba: a danna Install a nuna wannan wurin, zai ce yana binciken fayilolin da ke akwai, ya ɗauke su. Kuma a sani, kwafin nan data yake ceto, ba ya ba da lasisi. In manhajar ta kuɗi ce, asusun da bai saya ba zai ga maɓallin saye ne a maimakon na buɗewa.

Tun 2023 akwai hanyar da ba ta buƙatar filash. A Downloads akwai saitin tura fayil ta layin cikin gida, ana iya buɗe shi ga na'urorinka kaɗai, ko abokai, ko kowa. In kwamfutoci biyu na kan rauta ɗaya, wadda ke nema za ta ja daga 'yar'uwarta. Sharaɗi shi ne dukansu su kasance a kan intanet don tantancewa, mai bayarwar kuma tana da sabon bugu, ba ta cikin saukewa ko gudanar da wani abu. Wasu ƙananan MiFi suna hana na'urorin da ke kansu ganin juna, a irin wannan sai a koma filash.

Wuta. Laftof mai batiri mai rai ba ta da damuwa. Kwamfutar tebur da ba ta kan inbata ita ce abin ji, musamman a lokacin da Steam ya gama saukewa yana rubuta gyara a kan faifai. In aka ɗauke wuta a wannan gaɓar, ana dawowa a ga saƙon disk write error, ko manhaja ta ƙi tashi. Verify integrity na gyara yawancinsu. In ya ƙi, a rufe Steam, a share foldar lambar manhajar da ke cikin steamapps\downloading, a sake. Kada a fara babbar sabuntawa ana saura kwata a kashe janareta. Akwai kuma wata matsala da ke wahalar da masu tsofaffin kwamfutoci 'yan Beljiyam: ƙaramin batirin agogo na cikin allon uwa, CR2032, in ya mutu, duk lokacin da aka kunna sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Steam zai ce ba ya iya haɗuwa da intanet alhali waya na nuna layi cike. A gyara agogo kafin a zargi netwok.

Aiki ba intanet yana yiwuwa, amma sai an shirya tun da sauran layi. A shiga asusu da alamar tuna ni a kunne, a buɗe kowace manhaja sau ɗaya, a tabbatar babu sabuntawar da ke rataye, sannan daga menu na Steam a zaɓi Go Offline. Wanda ya jira sai data ta ƙare sannan ya tuna, in akwai gyaran da aka fara ba a gama ba, manhajar za ta ƙi tashi. Blender da OBS da Krita ba su da wannan makullin ko kaɗan. Ka shiga foldarsu a common, ka ƙirƙiri gajeriyar hanya daga blender.exe zuwa kan allo, ka riƙa buɗewa ba tare da Steam ba. A kwamfuta mai RAM giga 4 wannan ya zama dole, domin Steam burauza ce a ɓoye, yana cin ɗaruruwan megabait yana zaune kawai.

Sabuntawa ta atomatik alheri ce ga ɗan wasa, ga mai sana'a kuwa tana iya zama tarko. Mai ɗaukar walima ya saita OBS ɗinsa da ƙare-ƙaren da ya saba, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora masa, daren jajibiri manhaja ta sabunta kanta, da safe rabin ƙare-ƙaren sun daina aiki. Haka ta faru ga mutane da yawa a duniya lokacin da OBS 28 ya fito a 2022. A Blender, fayil ɗin da aka adana da sabon bugu ba lallai ya buɗe daidai a tsoho ba, wanda ke damun mutum biyu masu aiki ɗaya a kwamfutoci daban. Maganinsa na cikin Properties, sashen Betas, inda Blender ya jera tsofaffin bugu, har da masu alamar LTS da ake kula da su shekara biyu. A zaɓi ɗaya, duk shago a tsaya a kansa har a gama aikin da ke hannu.

Wannan sashen ne kuma ke ceton masu tsohuwar na'ura. Daga bugu na 4.0 Blender yana neman katin hoto mai OpenGL 4.3, wato matakin fasahar zana hoto da katin ke iya ɗauka. Laftof irin EliteBook 8470p da sa'anninta masu Intel HD 4000, waɗanda suka cika hannun ɗalibai, ba su kai nan ba. Manhajar za ta sauka lafiya, a danna ta ƙi buɗewa. Bugu na 3.6 OpenGL 3.3 yake nema, ya fi haƙuri. Steam kansa ya daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1 tun 1 ga Janairun 2024, don haka kwamfutar da ke kan Windows 7 sai dai a ɗauko mata tsohon bugu daga shafin masu manhajar, Blender ma tun 2.93 ya rabu da ita.

Sai kuɗi, inda gizo ke saƙar. Steam ba ya karɓar naira. Akwai farashi da kuɗin Afirka ta Kudu, kuma a Nuwambar 2023 an ware wa wasu ƙasashen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka rangwamen farashi a dala, irin su Masar da Maroko, amma Nijeriya ba ta ciki. Abin da mutumin Amurka ke biya shi mutumin Bakin Kura zai biya. In dala na kan naira 1,500, manhajar dala 20 ta zama naira 30,000 kafin banki ya ɗora nasa. A 2022 bankuna suka rage kashe kuɗin waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya yawancinsu suka rufe gaba ɗaya, sai a tsakiyar 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka. Kowa ya tambayi bankinsa. Sauran hanyoyin su ne katin asusun dala, ko katin dala na cikin manhajar waya, ko katin kyauta na Steam da ake loda wa jakar asusu. Manyan rangwame na zuwa ne wajen ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba. A sa abin da ake so a jerin buri, Steam zai turo saƙo in farashi ya faɗi.

In kati ya ƙi wucewa, kada a yi ta dannawa. Bayan ƙoƙari da yawa Steam na toshe ciniki na wasu awanni, bankin kuma yana iya riƙe kuɗin kowane gwaji na ɗan lokaci kafin ya sake su. Yawanci dalilin bai wuce adireshin katin bai dace da ƙasar asusun ba, ko kuɗin da ke ciki daidai farashin ne babu rarar caji. Masu ba da shawarar a kunna VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake, a koma wata ƙasa mai araha ba sa faɗin cewa yarjejeniyar Steam ta haramta hakan ƙarara, kuma sauya ƙasar asusu sau ɗaya ake yi a wata uku. Kuɗin da ya shiga jakar Steam kuma ba ya fitowa ya koma banki. Kada kuma wanda ya yi ciniki ya je banki ya ce a janyo masa kuɗinsa, domin hakan na sa a taƙaita asusun duka har sai an warware.

Hanyar maido da kuɗi tana cikin shagon, tun Yunin 2015: cikin kwana 14 da saye, in amfani bai kai awa biyu ba. Ta shafi manhajoji kamar yadda ta shafi wasanni, kuma ita ce ke hana abin ya zama cinikin biri a sama. Amma agogon na ƙirga duk lokacin da manhajar ke buɗe, ko kana aiki ko ka tafi masallaci ka bar ta. Don haka a shirya gwaji kafin a danna: a ajiye fayil ɗin aiki na gaske a gefe, bidiyon da aka ɗauka da kyamarar da ake amfani da ita, a buɗe, a gwada yanka, a gwada fitarwa, a duba ko rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ yana fitowa daidai, a rufe. Minti arba'in ya isa. In za a nemi maidowa kuma katin na wucin gadi ne da ka iya rufewa, a zaɓi a zuba a jakar Steam.

Abin da ka biya wa kuɗi lasisi ne da ke ɗaure da asusu. Tun Oktobar 2024 Steam ke rubuta haka ɓaro-ɓaro a wurin biya, bayan wata doka da jihar Kalifoniya ta yi. Asusun ba a sayar da shi, ba a ba da shi kyauta, a ƙa'idarsu. Wannan na da nauyi a shagon da maigida ke da jari, yara ke da ilimi. In yaron shago ne ya buɗe asusun da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ranar da ya tashi ya buɗe nasa shagon duk manhajojin da maigida ya biya sun bi shi, kuma babu rasit ɗin da zai dawo da su. Maigida ya buɗe imel na shago, ya ɗaura lambarsa, ya sa Steam Guard, tsarin tsaron asusun, a wayarsa. Wajen saita shi ana ba da lambar ceto da ke farawa da harafin R. A rubuta ta a takarda a ajiye tare da takardun haya, domin ranar da aka fizge waya a kasuwar Muda Lawal ita ce za ta buɗe ƙofa. A ajiye kuma saƙon imel na cinikin farko, irin shaidar da masu kula da asusu ke tambaya ke nan.

Wannan shaidar ce ta sa sayen asusu a hannun 'yan WhatsApp ya zama asara. Mai sayarwa ya ba ka suna da kalmar sirri, ka canza komai ka ji ka mallaka. Bayan wata ɗaya ya rubuta wa Valve cewa an yi masa kutse, ya nuna rasit ɗin farko, a mayar masa.

Game da aikin kuɗi, abu biyu ne daban. Yin zane ko bidiyo da manhaja ka sayar, wannan sharaɗin mai manhajar ne ke hukunci a kai, kuma yana rubuce a shafinta. Blender da Krita da OBS da Godot sun yarda. Wasu na kuɗi kuwa suna da bugun ɗalibi ko na ƙaramin ɗan kasuwa mai iyakar kuɗin shiga, a karanta kafin a biya. Zaunar da kwastoma a gaban kwamfuta ya biya kuɗin awa ya yi amfani da abin da ke asusunka kuma wani abu ne, asusun mutum ɗaya bai ba da wannan izinin ba. Valve na da tsari na musamman ga masu kafe da gidajen gem, Steam PC Café Program, inda ake sayen lasisin kasuwanci gwargwadon yawan kujerun da za su yi amfani a lokaci guda, kuma ba kowace manhaja ce ke cikin jerin ba, sai wadda mai ita ya amince ya sa.